Ɓarawon Ruwan Azuba

Injiniya Muntaka da hannunsa ya naɗa wayar tagulla, ya zura ɗan ƙarfe a tsakiya, ya haɗa bawul, wato makullin ruwa, ya ɗaura shi a gindin tankin unguwarsu ta Azuba. Muddin wuta na ratsa wayar, maganaɗisu zai riƙe ƙarfen ya toshe ruwa. Safe da yamma agogo ya yanke wutar, famfunan layi su kawo. Ko sola ta lalace, bawul buɗewa zai yi, kada jama'a su zauna da ƙishi. Wannan dabara ta ƙarshe, har masu sayar da doya sun gaji da jin labarinta.

Sai ga ruwan tanki ya fara ƙarewa ƙaf kafin yamma.

Muntaka bai taɓa zargin aikinsa ba, ai gwani ba ya tuntuɓe. Ya zargi Erdoo, bazawarar da ke ƙarshen layi, wadda famfon bayan gidanta ba ya rufuwa sosai, kuma lambunta na ugu, ganyen miya, ya yi kore shar a tsakiyar rani. Da ugun nan take ciyar da 'ya'yanta.

Kullum bayan azahar yakan shiga ɗan ɗakin batura, inda tun farko yake fakewa daga rana, ya sa wayarsa a caji, ya kafa ido ta taga. Bai taɓa ganin kowa ba, ruwa kuwa bai fasa zurarewa ba. Ranar da ya je biki Adogi, ko ɗigo bai ɓata ba. Nan ransa ya ƙara ɓaci: ashe da gangan take yi a gabansa, don ta kunyata shi.

Ya kai ƙara. Alhaji Jafaru, shugaban kwamitin unguwa, ya tara mutane a gindin tanki, za a yanke bututun gidanta.

"Baba, wallahi ni ban taɓa wannan abu ba," in ji Erdoo. "Ruwa yana zuwa, ni ina gani kawai."

"Bari ku ga hotunan lambunta," in ji Muntaka. Waya ta mutu. Ya shiga ɗakin batura, jama'a na leƙe ta ƙofa. Soket ɗaya ne tal, sai ya yi abin da ya saba, ya zare baƙin filogin da yake ɗauka na matacciyar fanka ne, ya cusa cajarsa.

A gindin tanki wuta ta ɗauke wa bawul, ya ce ƙas, ruwa ya kama hanyar lambun Erdoo.