Buhun da Habila Ya Ɓoye

Habila ya shiga Funtuwa a farkon damina, da ragowar kuɗin auduga a aljihu da saƙon gona a ka, amma ƙafarsa sai ta kai shi inda ta saba. Wani ƙaton sito ne na kwano a bayan tasha, inda ba a sayar da komai ɗaiɗai. In ashana kake so, katan za ka ɗauka. In sabulu ne, sai a ɗora maka abin da zai wanke ƙauye guda.

Habila mutumin kirki ne, dattijon coci a wani ƙauye kusa da Maska, sai dai Allah ya jarabce shi da kwaɗayi. Siton nan ya san shi lungu-lungu. Ga kifin gwangwani, wanda yake shanye mansa kafin ya taɓa kifin. Ga madarar ruwa, da yake hudawa da ƙusa ya tsotse a bayan rumbu. Ga wani biskit mai taurin tsiya da ya taɓa cire masa haƙori, bai kuma yi fushi da shi ba.

Ran nan ya ga abin da bai taɓa gani ba: sukari a buhu, warwara, fari fat. Duk ƙauyensu sukarin kwali aka sani, mai ƙwaya-ƙwaya, wanda ake jefa ɗaya a koko ana hararar mai neman ƙari. Mai jiran sito ya zuba masa kaɗan a tafin hannu. Habila ya lasa, ya lumshe ido, ya zazzage aljihunsa gaba ɗaya.

A cikin mota hankalinsa ya tashi. Ya tuna yara, ya tuna matan zumuntar coci da ba sa wuce ƙofar gidansa ba su shigo ba. In labari ya fita, buhun nan ba zai ga sabon wata ba.

A bakin titi ya iske Mati, maƙwabcinsa kuma amininsa tun suna kiwon awaki. Mati ya ɗora buhun a jakinsa har ɗakin ajiya, bai tambayi komai ba, don shi ba mai tambaya ba ne. Rahab matar Habila ce ta tambaya. Habila ya ɗaure fuska, ya faɗa mata magana ɗaya. Ta ja da baya, ta tara yara ta ja musu kunne, kuma daga ranar ba wanda ya ƙara kusantar ɗakin. Sai mai gida kaɗai, da kullum safiya yake shiga duba ɓeraye da cokali a aljihu.

Ana haka aka kira taron dattawan coci a Matazu. Habila ya tafi da nauyin zuciya. Ruwa ya yi ta sauka kamar da bakin ƙwarya, manoma na murna, shi kuwa ko waƙa ake yi buhunsa yake gani.

Da ya dawo, ko takalmi bai cire ba ya faɗa ɗakin ajiya. Wayam. Ya fito kamar an watsa masa ruwan zafi, sai idonsa ya faɗa kan jakin Mati a gindin darbejiya. Buhun ne a ninke a bayansa an yi shimfiɗa da shi, ƙudan zuma na zagayawa, jakin na ta murɗa wuya yana neman lasa.

Rahab ta biyo shi da ludayi a hannu. "Baban yara, tsaya ka ji!" Ina, ya riga ya yi nisa.

Hanyar gidan mai unguwa ta gefen gonarsa ta bi. Awakin gari sun yi cincirindo a jikin shingensa suna turereniya, tururuwa ta yanke hanya layi-layi har sai da ya yi tsalle. Bai tsaya ba. Mutumin da aka yi wa sata ba shi da lokacin awaki.

Kafin la'asar ƙofar mai unguwa ta cika. Aka kawo Mati da jakinsa da buhun. Habila ya miƙe ya ce, a gaban kowa, wannan mutum da suka ci tuwo a akushi ɗaya ya shiga gidansa ya kwashe masa sukari buhu guda. Jama'a suka ɗauki salati, rabi don satar, rabi don jin cewa akwai mai sukari buhu guda a garin bai taɓa sam musu ba.

Mati ya yi tsuru-tsuru. Ya ce shi rabonsa da sukari tun ƙaramar Sallah, kuma a kawo Alƙur'ani ya dafa. Hawaye ya cika masa ido, don tunda yake ba a taɓa kiransa ɓarawo ba. Mai unguwa ya sa hannu cikin buhun, ya lasa yatsa, ya ƙara lasa don tabbatarwa. Ya ce zaƙi dai akwai shi, kuma in Mati ba shi da wata magana, gobe sai gaban alƙali.

Nan Rahab ta kutso cikin taron tana haki, ludayin na hannunta har yanzu.

"Ranka ya daɗe, wane sukari kuma? Buhun nan mai gidana da bakinsa ya ce mini takin zamani ne, guba ne, ko taɓawa kada a yi. Da ruwa ya sauka ba ya nan, na roƙi Malam Mati, bawan Allah ya bar tasa gonar ya wuni a duƙe yana zuba wa masarar Habila gindi-gindi, ko ƙwaya bai rage ba."