Waƙar Gayauna

Tun da aka ƙera faifan da ke jiyo muryoyin da ƙasa ta haɗiye, tsohon gandun Rinjin Dawa ba ya rabuwa da baƙi. Lantana ta kawo mahaifiyarta, Inna Hajjo, wadda kullum take cewa su jinin masu gandun ne.

Malam Nomau mai rakiyar baƙi ya ɗora faifan a tsakiyar babbar gona. Ba a jin komai sai saran fartanya da nishi.

"Nan bayi suke yi wa ubangida noma har azahar," in ji shi. "Can kuma gayaunarsu ce, 'yar gonar da suke noma wa kansu."

Da ya ajiye faifan a gayaunar, sai muryar wata mace ta taso tana waƙa da wani yare. Nan take Lantana ta gane ta. Da wannan waƙar Inna ta yi goyonta.

"Kullum a nan take yankewa," in ji Malam Nomau da muryar ta ɗauke. "Ba wanda ya san ƙarshenta."

"Inna, mu tafi, rana ta yi," in ji Lantana, don ta rufa mata asiri.

Sai Inna Hajjo ta tuɓe takalmanta ta durƙusa.

"Sake kunnawa, Malam. Kakata ta ce kada a rera ta gaban bare. To, mai wannan muryar ai ba bare ba ce."

Inda muryar ta yanke, nan Inna ta ɗauka.