Suwaita Mai Lamba Bakwai

Shugabar ƙungiyar masu saƙa ta ɗaga suwaita mai lamba bakwai da yatsu biyu, kamar wadda ta tsinci tsumman goge ƙasa.

Shekara goma sha ɗaya tana yanke hukunci a gasar ƙungiyar, kuma dokarta ɗaya ce: saƙar da ta zo ta ƙarshe, ita da hannunta take warware ta a gaban kowa, wai don mai ita ta koyi hankali. Ba a sa suna a jikin kaya, sai lamba. Sunayen suna cikin ambulan a hannun sakatariya.

Bana kuwa tana neman wadda za ta yi wa wankin babban bargo, don da an gama gasa za a zaɓi shugaba. Wata yarinya da ake kira Mai Waya, wadda ta koyi saƙa jiya jiya a bidiyo, ta fito neman kujerar, har tana yawo da maganar cewa idon tsohuwa ya fara gajiya. To yau za a ga idon da ya gaji.

Ta gyara mayafinta a kafaɗar hagu, ta ƙara naɗe hannun rigarta na wannan ɓangaren kamar kullum, ta shimfiɗa suwaitar a tebur.

Abin takaici, ulun mai kyau ne, ruwan toka, irin wanda ita kanta take saye. Ko wata huɗu da suka wuce sai da ta nemi ƙulli huɗu nasa a kwandonta ta rasa, tare da tsinken saƙa guda biyu, ta wanke mai aikinta tas a kan haka. Ga shi nan wata ta samu irinsa ta wulaƙanta. Saƙar ta yi tauri, an ja zaren kamar ana ɗaure kaya a bayan mota. Wuyan ya karkace. A ƙirji an yi ƙoƙarin fitar da igiya mai murɗe, adon da aka san Shugaba da shi, amma ta fito kamar hanjin kaza.

Ba sai an faɗa mata ba. Wa zai kwaikwayi adonta ba kunya in ba Mai Waya ba?

Ta leƙa ta taga don ta huce. Mijinta na can cikin mota yana jiranta, inda yake zama duk ranar taro tun da ya rufe garejinsa. Rabin matan ƙungiyar sun ɗauka direbanta ne, ita kuma ba ta taɓa ganin dalilin gyara musu ba. Mutum ne da ba ya iya sa zare a allura. Kwanan nan ma har tabarau ya saya, shi da ko jarida ba ya karantawa, ga filasta a yatsa kamar yaro. Da rana sai ya shige tsohon ɗakin kayan aikinsa ya rufe ƙofa, wai yana gyaran rediyo. Wata huɗu rediyon bai yi magana ba.

Ta ja tsaki ta dawo kan aikinta. Da ta haɗa hannayen suwaitar biyu, sai daɗi ya kama ta, don na hagu bai kai na dama ba.

"Ku zo ku gani," in ji ta. "Yatsu uku cif! Wannan ko ƙirga layi ba ta iya ba, amma a haka ake son a shugabance mu."

Aka yi dariya, irin ta masu tsoron kada a juyo kansu. Mai Waya ta ci gaba da latsa wayarta, abin da ya ƙara tunzura Shugaba.

Sakatariya ta matso ta yi ƙasa da murya. "Mama, da kin bari an buɗe ambulan tukuna. Wannan ɗin a bakin ƙofa na same ta da safe."

"Doka doka ce, 'yata."

Ta sa almakashi ta tsinke bakin zaren, ta fara ja. Wuyan ya tafi, igiyar ƙirjin ta bi shi, sannan hannun dama. Tana ja tana bayani, tana nuna inda aka warware aka sake, aka kuma warware aka sake, har ulun ya yi gashi. Ko ita sai da ta ga wahalar da aka sha a wurin, amma a ganinta wahala ba gwaninta ba ce. Cikin minti goma aikin watanni ya zama tulin zare a ƙasa. Ta bar guntun hannun hagu kawai, don a rataye shi a bango ya zama darasi.

Sannan aka buɗe ambulan. Lamba biyu, wadda Shugaba ta ba matsayi na ɗaya tana yabon cewa hannun tsohuwar gwana ne, ta Mai Waya ce. Ɗakin ya ɗauki tafi, kuma duk wanda ya ji tafin ya san inda ƙuri'a za ta.

"Lamba bakwai fa?" Shugaba ta tambaya.

"Babu suna, Mama. An dai rubuta: Ba ta gasa ba ce. A ba Shugaba ta gwada, sanyi na damun wannan hannun."

Ta jawo guntun hannun da ya rage a tebur. Sannan ta zame mayafin, a gaban matan da ba su taɓa ganin ta zame shi ba, ta zura hannunta na hagu, wanda ya karye shekara talatin da suka wuce ya warke a gajarce. Bakin saƙar ya tsaya daidai wuyan hannunta, ba sai an naɗe ba.

Mutum ɗaya ne a duniya ya san wannan awon, kuma yana can cikin mota da tabarau a hanci, yana ɗago mata yatsa mai filasta yana murmushi, yana jira ta fito sanye da suwaitar.