Sunan da Ya Ƙaru a Waƙar Mai Gurmi

Ina tsakiyar girbin gero waƙar ta zo baitin ƙarshe, sai na ji sunan ƙanena.

Kaset ne na wani mai gurmi daga ƙasar Tsanyawa, wanda ya rasu tun muna yara. Babanmu ya bar mana shi, muka sa aka juye mana a waya. Ba na shiga gona sai da shi. A waƙar ƙarshe mai gurmin yakan jero manoman garinmu da suka riga mu gidan gaskiya, yana yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya. Na haddace sunayen tsaf. Ƙanena ba ya ciki, kuma da safen nan na hango shi a gonarsa lafiya lau.

Na mayar da waƙar baya. Muryar ta sake kiransa a natse, har da "Allah ya jiƙansa."

Mun yi shekaru ko gaisawa ba ma yi, saboda rigimar iyakar gona. Na yar da magirbi na ratsa gero da gudu, ina roƙon Allah in same shi da rai.

A gindin ɗorawar da ke kan iyakar muka yi kiciɓis. Shi ma a guje yake, ba takalmi, wayarsa a hannu, gurmin yana ta tashi.

Ya riƙe kafaɗata yana haki, yana ƙare wa fuskata kallo.

"Yaya," ya ce, "kai ne? Yanzun nan na ji ya ambaci sunanka."