Jirgin da Ya Zauna a Kan Jela

Kai da kake cewa a rufe aiki tukuna, gyara ya biyo baya, zauna ka ji abin da ya sami wani mai gyaran agogo a Gusau. Yana da kawu, tsohon soja da ya je yaƙin Bama tun zamanin Turawa, wanda yanar ido ta fara rufe wa gani a hankali. Tsohon ba shi da hira sai ta jirgin saman da ya kwaso su daga daji ranar da harsashi ya same shi a cinya, wani mai farfela biyu da taya a ƙarƙashin hanci. Kullum cewa yake, da zai sake ganin irinsa ko sau ɗaya kafin idon ya tafi, da burinsa ya cika. Ran nan mai agogo yana ratsawa ta 'yan gwanjo sai ga wani kwali duk ya sha ruwa, da hoton jirgin nan sak a bayansa. A ciki gutsattsarin roba ne da ake haɗawa su zama ɗan jirgi. Ya saya da araha, ya kuwa ga dalilin da ake cewa araha ba ta ado. Robar kauri gare ta, fikafikan ba sa haɗuwa da jiki, gilashin gaban ya yi dishi-dishi.

To amma wanda ya saba da hanjin agogo, wannan ba zai kayar da shi ba. Ya kankare da reza, ya bi da magagari, ya cike giɓi da garin roba da ya kwaɓa da gam. Gilashin ya goge shi da man goge baki yadda yake yi wa fuskar tsohon agogo, har ya koma tas. Da siririyar wayar agogo ya yi masa eriya. Wuri ɗaya kawai ya yi ganganci. Jikin jirgin ɓari biyu ne kamar ɓawon gyaɗa, kuma takardar cikin kwalin ta nuna a sa abu mai nauyi a hanci kafin a manne. Ya gani sarai. Sai dai ranar babu dalma a kusa, ga zumuɗin ya ga abu ya zama jirgi yana cinsa. Ya ce abin da yake can ciki wa zai gani? Ya shafa gam, ya rufe.

Ya yi fenti, kore a sama, ruwan toka a ciki, abin dai sai wanda ya gani. Yana ajiye shi a kan tebur sai jela ta faɗi ƙasa, hanci ya ɗaga sama kamar kaza tana shan ruwa. Ya danna hancin, ya saki, jirgi ya koma ya zauna. Ya kuwa sha ji a bakin kawun cewa a filin jirginsu duk jirgin da ka gani zaune a kan jela matacce ne, an tura shi bakin daji ke nan. Wani maƙwabcinsa a kasuwa ya ce ya tokare jelar da tsinken ashana mana, tsoho da ba ya gani sosai ina zai lura? Mai agogo ya ce bai taɓa yi wa agogon baƙo ha'inci ba, ba kuwa zai fara a kan kawunsa ba, kuma ba zai kai masa gawa ba.

Sai ya ɗauki reza ya bi ɗinkin da ya sha wahalar ɓoyewa, ya farka shi da hannunsa. Fenti ya ɓare. Gilashin nan da ya goge ya tsage, dole ya yanko wani daga robar kwalba, ya gasa, ya lanƙwasa, ya ɓata, ya sake. Ya samo dalma a wajen masunta, ya cusa a hanci, ya manne, ya koma cike giɓi da gugar magagari kamar bai taɓa yi ba. Damina ta shigo, fenti ya ƙi bushewa da wuri. Bai ce ya gaji ba, bai kuma tsallake komai ba wannan karon. Da an ɗan sami sarari tsakanin masu kawo agogo, sai ya jawo jirginsa.

Ranar da ya gama, ya kai wa tsohon a zaure. Kawu ya karɓa, ya kai shi kusa da fuska, ya juya wajen hasken ƙofa, ya daɗe a haka. Sannan ya ajiye shi a kan tabarma, ya shiga binsa da yatsu, daga farfela zuwa taya. Ya danna jelar ya saki, jirgi ya dawo ya tsaya daram a kan ƙafafunsa uku.

“Shi ne,” in ji tsohon. “Haka yake tsayawa. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Wane launi ka shafa masa?”

“Kore ne, Kawu, irin wanda kake faɗa.”

Tsohon ya yi murna har da ƙwalla, shi kuwa mai agogo sai baƙin ciki ya rufe shi. Jirgi ya tsaya, amma idon da aka yi shi dominsa ya riga ya tafi. Guntuwar dalma ce fa, ba ta fi ƙwallon dabino ba, wadda da a ranar farko ce, kafin shayi ya huce an sa ta an wuce wurin. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, tun ran gini ran zane.