Cokali Biyu

Malam Andarawus yana ɗauraye ma'aunin magani wata mata ta iso bakin taga, ta ajiye kwalba ta yi tsaye. Layi ya kai har gindin ɗorawa, ga Baturen likita ya zo rangadi, yana ɗakin kusa yana duba aiki. Shekara da shekaru Andarawus yana haɗa magani a wannan ƙaramin asibiti na Kontagora, ba a taɓa kama shi da kuskure ba, shi ma ba ya gajiya da faɗin haka. Bana yake sa ran ƙarin girma, in dai Bature ya yaba.

Bafulatana ce mai ƙuruciya, Mairama, daga wata ruga a hanyar Kaboji. Gaban rigarta a jiƙe yake, tana ƙarni. Andarawus ya yatsina fuska. Masu tallan nono ke nan, ƙwarya ta yi musu ɓari su shigo wa mutane haka.

"Wa ke ciwo?"

Ta sunkuyar da kai, ta ja gefen zane ta rufe baki. Ya sake tambaya, ta ƙara nutsewa. Sai ya kwashe da dariya. Ai ya san su kamar yunwar cikinsa: Bafulatana ko wuƙa aka ɗora mata ba ta ambatar mijinta a gaban mutane.

"To amarya, na gane. Me ke damun mutumin naki?"

Da ƙyar ta ce zawo. Ƙa'idar aiki ita ce a ga majinyaci da ido kafin a ba da magani, amma wa zai ɗauko ƙato daga daji a kafaɗa? Ya tambaye ta ko yana iya tafiya, ta girgiza kai. Yana magana? Ta girgiza. Tuwo fa? Ba ya ci. Andarawus ya ce lalle ciwo ya ci ƙarfin bawan Allah.

Ya buɗe kabad ya sauko da maganin da ake kullewa, mai tsayar da zawo, mai sa barci. Ya auna a tsanake, ya ɗaga ma'aunin ga haske ya tabbatar ya tsaya daidai kan layi, ya juye mata a kwalbarta. Cokali biyu, ya ce, kada ta ƙara, kada ta rage. Sai da ya sa ta maimaita kafin ya sallame ta, yana jin daɗin kansa.

Washegari da hantsi sai ga ta a bakin tagar, ƙafafu fari fat da tafiya. Ta ajiye kwalbar.

"Malam, ya yi barci. Bai tashi ba. An kai shi."

Andarawus ya ɗaga kwalbar. Cokali biyu ne suka fita, ba ƙari. Abin da ya ce ta yi, shi ta yi. Ga ƙarar takalmin Bature tana matsowa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya juya mata baya, ya karkata kwalbar cikin kwanon wanke hannu har ta koma rabi.

Sannan ya juyo da ihu, ya ɗaga ta sama kowa ya gani.

"Jama'a ku shaida! Cokali biyu na ce, ta ɗura wa mijinta rabin kwalba!"

Layi ya watse, aka yi mata zobe. Bature ya fito, Andarawus ya yi masa bayani da Turanci, Bature ya gyaɗa kai, har ya dafa masa kafaɗa. Aka kira ɗan doka. Mairama ba ta musa ba, ba ta yi kuka ba, ƙasa kawai take kallo. Wannan ya fi komai tunzura matan da ke wurin. Wata ta tofa mata yawu, ta ce dubi idonta ƙamas, mace ta kashe miji ko ƙwalla babu. Andarawus ya ji numfashinsa ya dawo, har ya ƙara da cewa dama tun jiya bai yarda da take-takenta ba.

Ɗan doka ya kama hannunta ke nan, wani dogon mutum mai sanda ya ratso taron yana haki, wata tsohuwa na biye da shi.

"Don Allah a sake ta. Matar gidana ce."

Andarawus ya dube shi daga sama har ƙasa, lafiyayye, ko mura ba ya yi.

"To wa ya mutu?"

Mutumin ya sunkuyar da kai, shi ma bai iya faɗa ba. Tsohuwar ce ta amsa.

"Malam, ba sa kiran sunansa, kunya suke yi. Ɗansu ne na fari. Ko zama bai fara ba."