Ƙodar da Ba Ta Cewa Wayyo

Likitar ta ɗaga rigar tsohon, ta yi turus. Jajayen layuka ne reras a mararsa, daidai kan tabon aikin.

"Haba Baba! Kankarar kwandala a kan ƙodar dashe? Wa ya aike ka?"

"Kaf garinmu na Solo wa ba ya kankare fata da kwandala da man zafi don korar iskar sanyi daga jiki? Tun muna amarci matata ke kankare min baya, ga ni ban mutu ba."

"Nan baya ne?"

"Nan ƙodarta take." Ya dafa wurin. "Tun da muka binne ta nake jira ƙodar ta yi min ciwo, ko sau ɗaya, in san tana nan. Shiru."

Likitar ta sassauta murya. "Ranar da muka ciro ta daga jikin Mama, mun yanke jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo. Ko tsakuwa ce ta tokare ta, da wuya ka ji."

"Wato tana ta aiki, in ta jigata ba za ta faɗa ba?"

"Ba za ta faɗa ba."

Ya yi dariya, idonsa ya ciko. Har satin rasuwarta matarsa tana dafa masa shinkafa, ba wanda ya san da kumburin da ke ƙirjinta.

"Ba wuƙarku ba ce, 'yata, halinta ne. Na ajiye kwandalar. Amma ki bar ni in riƙa shafa man. Tana raye ba ta taɓa nuna min inda zan shafa ba."